Tumbin Ladan da Ganyen Kalgo

Gwandu,
Watan Sha'aban, 1375

Zuwa ga ƙanwata Asma'u, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Usmanu da yara baki ɗaya. Allah Ya tsare ku a ƙasar mutane, Ya sa albarka a fataucin goronku, Ya maido mana da ku gida muna da rai. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi da ya fara kankama. Inna tana nan da ƙarfinta, ƙafar ce dai ke damunta in ta yi doguwar tafiya, amma bakin bai ragu da komai ba. Ƙanwarmu Halima ta sauka lafiya, an sami namiji, an sa masa Lukuman, kuma hancin gidanmu ya ɗauko, Allah Ya ba shi haƙurin zama da shi. Ɗana Albarka yana ta karatu, sai dai ƙiriniya. Gero ya yi kyau bana, alhamdu lillahi.

Abin da ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutu shi ne, na san bakin fataken da za su kawo miki takardar nan. Kafin su sauke kaya za su gaya miki wai maigidana Malam ya rame ya lalace, wai ana ta zuwa dubiya, wai har an karɓe ladanci daga hannunsa. Kada ki ɓata hawayenki. Ki nemi wuri ki zauna, ki ji yadda abin ya faru daga bakin wadda ta sha wahalarsa.

Kin dai san Malam shi ne ladanin masallacin unguwarmu, kuma a wurin mahaifinsa ya gada. Kin kuma tuna matakalar nan ta ƙasa da ladan ke hawa har kan soron masallaci. Abin da ba ki sani ba, tun bayan tafiyarki Malam ya yi tumbi. Ba ƙaramin tumbi ba, Asma'u, irin wanda ke riga mai shi shiga zaure. Ladan ba ya rasa gayya. Yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi sadakar bakwai, ko'ina kuwa sai an ajiye masa masa da fura da ƙafar rago, shi kuma bawan Allah bai iya ce wa akushi a'a ba. Da fari ni har daɗi nake ji, don mata na cewa na iya kiwon miji. Sai hawan matakala ya fara zama yaƙi. In ya kai sama sai ya dafa bango ya yi ta haki, in ya fara kiran salla kuwa numfashi ya yanke masa a tsakiya, sai ka ce an toshe masa baki. A azumin bara abin ya kai maƙura. Wata rana da magariba ya zauna a tsakiyar matakala don ya huta, ya kasa tashi. Rana ta faɗi, kaji suka shige akurki, mutanen unguwa na riƙe da ƙoƙon kunu suna jiran ladan, ladan na can yana jiran numfashinsa. Sai da wani tsoho ya ga tauraro ya ce shi kam ya sha ruwa, kowa ya yi ta kansa.

Bayan salla Liman ya kira shi gefe, cikin mutunci, ya ce masa ya nemi magani, in azumi mai zuwa ya zo bai iya hawa ba, dole a ba wani. Malam ya dawo gida ya zauna a bakin ɗaki. Tun da na aure shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya ce ba ya so a ce a hannunsa kiran sallar gidansu ya mutu. Na ji tausayinsa har cikin raina, don na san ba shi da wani abin da yake ji da shi a duniya kamar wannan kiran. Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa kowa maganar Liman ba, don kunya. Wannan alkawari shi ya ja mini duk abin da za ki ji.

Da damina ta tsaya ya tafi Birnin Kebbi wurin malamin asibiti. Aka duba shi aka ce babu wata cuta sai kitse. Aka ce ya rage tuwo da mai da nama, ya yawaita ganye. Ya dawo yana faɗa tun daga zaure, wai shi ba akuya ba ne, wai ubansa bai ci ciyawa ba kuma ya yi kiran salla har ya tsufa. Na ce masa ai ubansa bai fi kara kauri ba. Washegari na dafa masa zogale tsura, babu mai babu ƙuli, don ni a zatona magani ba ya daɗi. Ya kai loma ɗaya baki, ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda ya ci amana. Na ɗanɗana ni ma, wallahi ban ga laifinsa ba.

Amma babbar matsalar ba a cikin gida take ba, a ƙofar gida take. Kin san ciyayyar unguwarmu, yadda maza ke haɗuwa bayan magariba, kowane gida a fito da akushi a ci tare. Na ga in ban sa ganye a can ba, aikin banza nake yi. Sai na fara fitar da kwaɗon rama, wata rana tafasa, wata rana zogale. Da damina babu wanda ya ce komai, don lokacin kowa na lallaɓa rumbunsa. Amma kaka ta yi, sabon gero ya shigo, gidaje na fitar da tuwo mai sheƙi da man shanu, ni kuwa ina nan ina aika tafasar da na shanya. Kin san a garin nan ba a cin tafasa da kaka sai in rumbu ya ƙone. Mazan suka dubi akushina, suka dubi juna. Babu wanda ya tambayi Malam, don ba a tambayar magidanci irin wannan. Suka yanke hukunci a zuci cewa Ladan ya karye.

Daga nan taimako ya ɓarke mana. Da safe in an buɗe zaure sai a tarar da damin gero, ba a san wanda ya ajiye ba. Maƙwabta mata suka fara aiko mini da ƙwaryar fura, wai sun dama ta yi musu yawa. Matar da ba ta taɓa ba ni aron ludayi ba ta aiko da man shanu. A wurin ciyayya kuwa, kowa sai ya tura akushinsa gaban Malam, a tsince nama a tara a gefensa, su kuma su ja kwaɗona su cinye don kada in ji kunya. Ki duba wannan al'amari, Asma'u. Mazan unguwa ne ke cin maganin, mai ciwon na cin nama. Na ce masa ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, ya ce ba ya iya kunyata masu alheri, wai mai da kyauta ba halin kirki ba ne. Ni kuwa na lura wannan halin kirkin bai yi masa nauyi ko kaɗan ba. Kafin a gama sussuka, wuyan rigarsa ya ƙi shiga, sai da aka kai wa maɗinki ya ƙara. Ni ga baƙin cikin ana kallona matar matsiyaci a gidan biki, ga alkawari ya ɗaure mini baki.

Ana haka labari ya kai Kalgo, kunnen yayarsa, Yaya Fatsuma. Kin san ta, ba sai na yi miki bayani ba. Tun da mijinta ya rasu ita ke riƙe da lambunsu na fadama, kuma 'ya'yanta maza har yau ba sa zama sai ta ce su zauna. Sai ga ta da rana tsaka, da jaki biyu, shinkafa da bandar kifi da tulun man shanu. Ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta ce ta ji ina kashe mata ƙane da yunwa, ta zo ta gani da idonta. Ana cikin haka Malam ya shigo, ya cika ƙofa. Na ce a raina yau gaskiya ta yi halinta. Ina! Ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗora hannu a ka, ta ce wannan ba ƙiba ba ce, kumburin yunwa ne, ta taɓa ganin irinsa shekarar fara. Ta danna masa yatsa a dantse ta ce in duba yadda ya lotsa. Shi kuma, don rashin ta-ido, ya langaɓe kai yana nishi.

Nan haƙurina ya ƙare. Ban karya alkawari ba, don ban faɗi komai ba. Na kama hannunta na kai ta rumbu na ce ta leƙa, ta leƙa ta gan shi fal. Sannan na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida na ce ta jira la'asar. Lokaci ya yi, muka yi ta jira. Can sai muryar ta fito, a shaƙe, guntu-guntu, yana yi yana tsayawa. Na ga Yaya Fatsuma ta sunkuyar da kai. Da ya gama sai ta ce a soron nan take jin muryar babansu tun tana yarinya, har masu noma a hanyar Malisa suna ajiye fartanya in ya kira. Ta share ido da gefen zane, ta ce in ɗaura kayanmu. Da Malam ya dawo ta kira shi da sunan nan nasa na yanka da ba ni faɗa, ta ce gobe za mu Kalgo, kuma ba shawara take nema ba. Aka roƙi Liman, ya sa Garba mai ɗinkin hula ya riƙe kiran salla kafin mu dawo. Inna ta riƙe mini yara.

Tafiyar kanta magani ce, don jakin da aka ɗora Malam ya durƙusa tun ba mu wuce gonakin gari ba, ya ƙi tashi sai da aka sauke shi. Yawancin hanya a ƙasa ya yi ta. Da muka isa, Yaya Fatsuma ta bi gida-gida ta shaida wa mutane cewa duk wanda ya ba ƙanenta ko lomar tuwo, da ita zai yi. Da safe ta tura shi lambu ya ja jigo tare da 'ya'yanta, yana ɗebo ruwa yana zuba wa albasa. Ranar farko ya dawo yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu, ya ce bayansa ya rabu biyu. Ta ce to ya kawo rabin da ya fi lafiya gobe. Ran kasuwa ya sulale ya tafi wurin mai tsire. Mutumin na hango shi ya rufe tire da faifai, ya ce ya yi masa rai, yana da iyali. Haka ya dawo da ƙamshi kawai a riga, kuma ƙamshin ma sai da ta shinshino.

A nan ne, Asma'u, na gane ashe ban iya dafa ganye ba. Yaya Fatsuma ta ɗanɗana kwaɗona ta ce da ita aka ba wannan, da tuni ta kai ƙara gaban alƙali. Ta ce laifina shi ne ina dafa shi da fushi, ina ba mutum kamar horo. Ita ba ta tsinko ganye sai ruwa ya tafasa, kuma ba ta barinsa a wuta har ya mutu ya yi baƙi. Yalo takan tura shi cikin toka mai zafi har fatar ta ƙone, ta ɓare, ta kirɓa da daddawa da barkono da 'yar bandar kifi, ta ɗiga ruwan tsamiya. Ranar da ta fara yin wannan, Malam ya lashe akushi har ina jin ƙarar farcensa daga madafa. Kabewa ba ta dafa ta a ruwa, gasawa take yi a garwashi sai zaƙinta ya fito, a barbaɗa yaji. Dambunta kuwa, sai kin tona zogale kafin ki ga tsaki. Kuma tana da wata dabara da ta ba ni dariya. Miyar sure, wato yakuwa, da kifi da ɗanyen ganyen albasa ita ake zubawa a babban akushi, tuwon kuma a ɗan ƙoƙo, kamar shi ne miyar. Malam ya ce an juya masa duniya. Ta ce ya ci a juye. Tana zaune a gefe da muciya a hannu, wai tana kankare ta, har ya gama.

Ba zan ce miki ya daina marmarin nama ba. Akwai ranar da na same shi tsaye yana kallon ragon maƙwabta, kallon da bai dace da malami ba. Amma a hankali bakinsa ya juya. Ya fara tambaya ko yau akwai yalon toka. Ya fara gardama da yayarsa a kan rama, wai ta cika matse ta har tsamin ya gudu. Rannan babban ɗanta ya kawo ƙara wai wani abu na cin gauta a lambu, ana zaton biri ne. Aka yi kwanto aka kama birin da rawaninsa. Yaya Fatsuma ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan satar ta yafe ta duniya da lahira. Ni dai ina lura da shi. Nishin tashi ya ragu, sujada ta daina yi masa wuya, wandonsa sai an naɗe mazagi. Wata safiya na ji shi a bakin fadama yana gwada murya a hankali, yana zaton babu mai ji. Ban nuna masa na ji ba.

Farkon watan nan muka dawo Gwandu, ina tafe ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Ashe da sauran aiki. Mutane suka ga Malam riga na yawo a jikinsa, kumatu sun faɗa, wuya ya fito. Sai salati. Waɗanda suka ce ya karye yanzu suka ce ciwo ne, wai dama jinya aka kai shi Kalgo aka ɓoye. Gida ya cika da 'yan dubiya, wannan kunu, wannan rubutun sha, wata tsohuwa har ta nemi ya yafe mata. Yana cewa lafiyarsa lau, suna cewa Allah sarki, dubi ƙarfin hali. Rana ta uku Liman da kansa ya zo, idonsa ya yi ja. Ya riƙe hannun Malam ya ce ya yi nadamar maganar da ya gaya masa bara, bai san ciwo ne ke cinsa ba. Ya ce ya kwanta ya huta, kada ya ƙara tunanin matakala, Garba zai ci gaba da kira har azumi da bayan azumi. Ina bayan zana ina ji, ina jira Malam ya yi magana. Kin san abin da ya ce? To. Wai ba a musu da Liman.

Asma'u, na ji kamar in fasa tukunya. Ban yi masa faɗa ba, don na san faɗana ya saba da shi. Na kama zakara na yanka, wato na sa aka yanka, na tuƙa tuwon sabon gero, na kwarara man shanu har yana kwance a kan miya. Bayan azahar na dire masa akushin a gaba. Na ce ya ci ya ƙoshi, tunda hawa ya ƙare babu sauran dalilin wahala, gobe ma haka zan yi masa, ya ci har ƙofa ta gagare shi, a bar wa gidan su Garba soron. Ya dubi tuwon, ya daɗe yana dubansa, har na fara tsoron zai ci. Sai ya mai da murfi ya rufe. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Ina tsakar gida ina tsince zogale, ban san inda ya nufa ba. Inuwa ta kai inda take kaiwa da la'asar, sai na ji kabbara daga sama. Ba muryar Garba ba ce. Ta fito cike, ta miƙe, ya ja ta da numfashi ɗaya har inda ake kai ta, bai yanke ba, bai yi haki ba. Matan maƙwabta da ke daka suka tsai da taɓarya. Na zauna a kan turmi da faifai a cinya, na yi kuka sosai, ba na jin kunyar gaya miki. Daga baya aka ba ni labari wai Garba na alwala ya ji kira a kansa, ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Ashe shi tsoron hawa bisa yake yi, duk watannin nan ido rufe yake hawa, kunya ta hana shi faɗa. Da aka sallame Liman ya tambayi Malam wane irin ciwo ne wannan mai sa mutum hawa soro da gudu, Malam ya faɗi gaskiya a gaban jama'a. Aka yi ta dariya, Liman ya ce ya riƙe abinsa, Allah Ya ƙara lafiya.

Da ya shigo gida na ajiye masa kwaɗon zogale, don zakaran yara sun gama da shi. Ya ci loma biyu, ya ɗaga kai ya ce tsamiya ta yi kaɗan. Kin san bakina, kin san abin da zan ce da wata rana ce. Amma na tashi na jiƙo masa tsamiyar.

Ki gai da Malam Usmanu da kyau, ki shafa mini kan Isa da Laraba, ki ce musu ina nan ina jiran su. Inna na gaishe ki, ta ce ki riƙa rufe kai in ana ruwa. Halima da jaririnta suna gaisuwa, Albarka ma haka. Yaya Fatsuma ta aiko a gaishe ki tun daga Kalgo. Malam yana gaishe ku duka, ya ce ku sa shi a addu'a. Allah Ya kai mu azumi lafiya, Ya karɓi ibadarmu, Ya sada fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarki mai ƙaunarki,
Tasalla, matar Ladan.